Yadda Ake Tsara Cikin Gidan Iyali Da Aka Gina A Kan Gangaren Tudu

Wanda ya samu fili a Guzape ko Katampe, ko wasu sassan Asokoro da Maitama a Abuja, da wuya ya same shi a shimfiɗe. Haka abin yake a Jos, garin da ke zaune kimanin mita 1,200 sama da teku, inda duwatsu suka kutso har cikin unguwanni. A irin wannan fili gida yakan fito hawa-hawa. Mutum ya shigo get ya ajiye mota yana zaton a ƙasa yake, ashe akwai ɗakuna a ƙarƙashinsa waɗanda bayansu ya jingina da ƙasa, gabansu kuma yana kallon kwari. A wani filin kuwa titi ne a ƙasa, gidan ya yi ta hawa tudun.

Yawancin masu irin wannan gida sukan fara maganar tsarin ciki daga kujeru da launin fenti da hotunan da aka tara a waya. Ni a ganina waɗannan su ne na ƙarshe. Abu biyu ne ke mulkin gidan gangare: matakala da ruwa. Wane ne zai riƙa hawa da sauka, sau nawa a rana, ɗauke da me? Ina ruwan saman da ya gangaro daga tudu zai bi? Idan an amsa waɗannan da kyau, kujera kowace iri ce za ta zauna. Idan ba a amsa su ba, damina biyu ta isa ta lalata kayan miliyoyi, kuma Hajiya babba za ta daina zuwa kwana.

Mataki na 1: Ku je ku karanta filin

Ku ɗauki takardar zanen gidan ku je wurin tare, maigida da uwargida, kuma ba zuwa ɗaya ba. Ku je da hantsi, ku koma da la'asar sakaliya lokacin da rana ta sunkuyo yamma, sa'annan ku je jim kaɗan bayan an ɗauke ruwan sama mai ƙarfi. Wannan zuwan na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci, domin a nan za ku ga hanyar da ruwa ya zaɓar wa kansa, da inda yake kwanciya, da bangon da ya yi duhu saboda jiƙa.

A kan takardar ku ja jan layi a duk bangon da ƙasa ke bayansa. Ku sa alamar gabas da yamma. Ku sa alƙibla, wadda daga Abuja da Jos take wajen digiri 65 daga arewa idan aka juya ta gabas, wato gabas da ɗan karkata arewa. Daga nan ku hau can sama da filin, inda maƙwabcin tudu yake ko zai yi gini, ku tsaya ku duba abin da idonsa zai iya gani a gidanku. Mutane da yawa ba sa yin wannan sai sun tare.

Mataki na 2: Ku raba hawa-hawan, wa zai zauna ina

Nan ne ya kamata ku fi daɗewa, domin duk sauran aikin a kansa zai hau.

Hawan da mota ke tsayawa shi ne zuciyar gidan, ko da a zane ya fito a tsakiya ko a sama. A nan ya kamata kicin da sito su kasance. Buhun shinkafa kilo 50 ne, ga jarkokin mai, ga doya, ga katan-katan. Duk wanda ya sa sito a wani hawan daban ya ɗora wa 'yan gidan dako na har abada. A wannan hawan kuma za a sa falon baƙi da banɗakinsa, da ɗakin kwana guda ɗaya mai banɗaki a ciki wanda ake shiga ba tare da an taka matakala ko ɗaya ba. Wannan ɗakin kada a yi wasa da shi. Yau na baƙi ne, gobe na mahaifiya ce idan ta zo ganin likita, jibi na mai jego ce da aka yi wa aiki, wata rana kuma na masu gidan ne da kansu idan gwiwa ta fara magana. A yi ƙofarsa da faɗin santimita 90 yadda keken marar lafiya zai wuce, a kuma daidaita daɓen banɗakin da na ɗakin ba tare da dakali ba.

Tsarin gidan Bahaushe na da, mai zaure da shigifa da cikin gida, hikimarsa ita ce baƙo yana da iyakar inda yake tsayawa, iyali kuma suna da sararin da suke sakewa. A shimfiɗaɗɗen fili ana samun wannan da nisa da katanga. A gangare tudun ne da kansa yake ba ku shi kyauta: baƙi a hawan shigowa, iyali a hawan da ke sama ko ƙasa da shi. Sharaɗin kawai shi ne kada bakin matakalar iyali ya faɗo a tsakiyar falon baƙi. Zanen zamani yana son matakala a buɗe a tsakiyar falo don kyau, amma sakamakonsa shi ne uwargida ba za ta iya saukowa kicin ba sai ta ratsa abokan maigida. Ku sa matakalar a wani ɗan lungu tsakanin falon baƙi da kicin, da ƙofa ko makari a tsakani, yadda za a samu hanya biyu da ba sa haɗuwa.

Hawan ƙasa, wanda bayansa ke cikin tudu, ya fi ko'ina sanyi da rana kuma ya fi ko'ina shiru. Ɓangarensa na gaba mai tagogi ya dace da falon yara, ɗakin karatu, ɗakin samari, ko ofishin maigida. Ɓangarensa na baya da ke manne da ƙasa a bar wa abin da ba a kwana a ciki: hanyar wucewa, wurin wanki, ɗakin ajiye kayan da ba sa tsoron laima. Kada gadon kowa ya jingina da bangon da kuka ja wa jan layi. Kuma lallai wannan hawan ya kasance da ƙofarsa ta fita waje kai tsaye, saboda idan gobara ta tashi a kicin da ke sama, matakala ba hanyar tsira ba ce.

Ɗakunan kwanan iyali su hau sama. Idan yara ƙanana ne, su kasance hawa ɗaya da uwarsu, ko da hakan na nufin a rage girman ɗakin maigida.

Akwai wani ƙaramin abu da masu zane ba sa tunawa: turmi. Idan gidan ana daka sakwara ko fura, to daka a kan daɓen da ke da ɗaki a ƙarƙashinsa yana jijjiga kan duk wanda ke ƙasa. Ku nemi wurin da daɓe ke zaune a kan ƙasa kai tsaye, galibi ta bayan kicin wajen tudu, ku yi 'yar farfajiya a shimfiɗe. Nan za a yi daka, nan za a ɗora manyan tukwane ranar suna, nan za a gyara ragon layya. Gidan gangare da ba shi da irin wannan fili ko da mita 4 sau 5 ne, yana shan wahala duk ranar taro.

Mataki na 3: Ku gama da bangon da ya jingina da ƙasa

Kafin mai fenti ko kafinta ya taka hawan ƙasa, sai an tabbatar da lafiyar wannan bango. Ruwan da ya sauka a kan tudu daga Afrilu zuwa Oktoba yana nutsewa cikin ƙasa yana gangarowa, kuma abin da ya fara cin karo da shi shi ne bayan gidanku. Alamunsa sanannu ne: fenti yana kumbura yana ɓarewa, wani farin gari kamar gishiri yana fitowa a kan filasta, baƙin funfuna a lungu, takalma da jakunkuna a cikin wadirob suna yin fari-fari, ɗakin kuma yana wani irin wari da turaren wuta ba ya kore shi.

Maganin gaskiya daga waje yake. A bayan bangon ana shafa kwalta ko a manna shimfiɗar hana ruwa, a zuba tsakuwa, a kwantar da bututu mai huji-huji a gindi wanda zai tattara ruwan ya kai shi magudana a gefen gida. Ku tambayi injiniyanku kai tsaye ko an yi wannan, kuma ku nemi a nuna muku bakin bututun inda ruwan ke fita. Idan ba a riga an cike bayan bangon da ƙasa ba, ku tsaya a kansa sai an yi, domin tono daga baya ya ninka tsada.

Idan gidan sayensa kuka yi a gine, ga gwaji mai sauƙi. Ku yanki leda mai kauri kamar rabin mita kowane gefe, ku manna ta a bangon ku liƙe gefunanta huɗu da salatef, ku bar ta kwana 3. Idan raɓa ta taru tsakanin ledar da bango, ruwan daga cikin bangon yake fitowa. Idan a fuskar ledar ta ɓangaren ɗaki ta taru, to iskar ɗakin ce ba ta fita, kuma taga ko fanka mai zuƙe iska za ta wadatar.

Inda ruwan daga bango yake kuma ba halin tono, sai a gina wani siririn bango a ciki, a bar tazarar santimita 5 zuwa 10 tsakaninsu, da 'yar kwata a ƙasa mai fitar da ruwa waje, da ƙananan kafofin iska sama da ƙasa. Ɗakin zai ɗan ragu, amma zai bushe. Abin da ba na so ko kaɗan shi ne a lulluɓe jiƙaƙƙen bango da tayil ko fentin mai ko takardar ado. Ruwan bai tafi ko'ina ba, an dai ɓoye shi ne, zai haura sama ya ɓullo a inda tayil ɗin ya ƙare.

Ko bayan an gyara, kayan da za su zauna a wannan ɓangare su kasance a kan ƙafafu, da tazarar tafin hannu tsakaninsu da bango. Allon garin katako da ake yin yawancin wadirob da kantocin kicin da shi yana shan laima ya kumbura, kuma idan ya kumbura ba ya komawa. A hawan ƙasa ku yi amfani da katako na gaske ko falawud mai jure ruwa.

Akwai kuma dalili na lafiya da ya sa dole iska ta riƙa ratsa hawan ƙasa. Ƙasa mai duwatsun giranit tana fitar da wata iska da ake kira radon, ba ta da launi ba ta da wari, tana taruwa a rufaffun ɗakunan da ke cikin ƙasa, kuma shaƙarta shekara da shekaru na iya jawo cutar dajin huhu. Toshe tsagogin daɓe da barin iska ta shiga ta fita suna rage ta sosai. Masu gini a Jos su ƙara da wannan: kada a ɗebo yashin tsofaffin wuraren haƙar kuza a yi filasta ko daɓe da shi, domin yana ɗauke da ma'adanai masu fitar da tiririn da ke cutar da jiki.

Mataki na 4: Matakala

A gidan gangare mutum zai taka matakala sau da yawa a yini fiye da yadda zai zauna a kan kowace kujera, don haka a kashe mata tunani da kuɗi.

Tsayin kowane mataki ya kasance tsakanin santimita 15 da 17, faɗin inda ƙafa ke sauka kuma 28 zuwa 30. Magina suna da tsohon lissafi: a ninka tsayin sau biyu a haɗa da faɗin, jimlar ta faɗa tsakanin 60 da 65, wato gwargwadon takun mutum. Hawa mai mita 3 zai ci matakai 18. A raba su 9 da 9, a sa wurin hutawa a tsakiya, yadda tsoho zai numfasa, yaron da ya zame kuma ba zai gangara har ƙasa ba. Faɗin matakalar kada ya gaza mita 1, kuma 1.2 ya fi, saboda katifa da firji, da ranar da za a tallabo marar lafiya mutum biyu gefe da gefe.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne rashin daidaito. Ƙafa tana haddace tsayin matakan farko, idan ɗaya ya bambanta ko da santimita 1 ne sai ta yi tuntuɓe. Wannan yakan faru ne a matakin farko da na ƙarshe, idan an zuba matakalar ba a lissafa kaurin tayil da simintin daɓe ba. Ku ɗauki tef ku auna kowane mataki da hannunku kafin a manna komai.

Marikin hannu ya kasance a tsayin santimita 90, mai zagaye wanda hannu zai iya damƙa, ya tafi ba yankewa daga sama har ƙasa. Tazarar sandunan kariya kada ta kai santimita 10, don kada kan yaro ya shige, kuma a tsaye za a jera su. Sandunan kwance suna da kyau a hoto, amma ga ɗan shekara uku tsani ne. A baranda da duk inda ake leƙen ƙasa, kariyar ta kai mita 1.1. Matakala mai huhu a tsakanin matakai, da wadda ba ta da kariya a gefe ɗaya, ba ta gidan da ke da yara da masu dogayen riguna da zannuwa ba ce. Haka tayil mai sheƙi: ruwan alwala a tafin ƙafa kaɗai ya isa. A sa dutse ko tayil mai kaushi, a kuma yi wa bakin kowane mataki layi mai launi daban.

Gangare yakan jawo a riƙa samun mataki ɗaya ko biyu a tsakiyar gida, tsakanin falo da wurin cin abinci misali. Mataki ɗaya tak shi ne mafi haɗari, saboda ido ba ya ganinsa. Ko dai a share shi, ko a mai da shi uku da mariƙi, ko a canza launin daɓen a wurin. Idan gangara za a yi don keke, kowane santimita 1 na tsayi yana buƙatar 12 na tsawo, wato rabin mita zai ci mita 6.

Matakala tana da wani amfani da ake samu a banza. Iska mai zafi sama take yi, don haka idan aka buɗe taga a can ƙololuwar ramin matakalar, aka kuma buɗe tagogin hawan ƙasa, gidan zai riƙa zuƙo sanyi daga ƙasa yana fitar da zafi ta sama ko babu wuta. A sa wa tagar raga, a kuma yi ta yadda za a iya rufe ta daga ƙasa idan hunturu ya kama.

Mataki na 5: Tagogi, rana, ƙura da sutura

Dalilin sayen fili a tudu shi ne hange, kuma ba laifi a yi babbar taga a more shi. Sai dai a duba ina take kallo. Tagar da ke kallon kudu ko arewa sauƙin karewa gare ta, domin rana a sama take bi ta waɗannan ɓangarori: daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta tana ɗan karkata arewa, sauran shekara tana kudu, kuma rumfa ko baranda mai fitowa kamar mita 1 tana tare yawancinta. Yamma ce matsala. Ranar la'asar a kwance take shigowa, ta ƙarƙashin kowace rumfa, ta gasa falo har bayan isha'i. Labule ba ya maganinta sosai, don zafin ya riga ya ratso gilashi. Kariyar daga waje ake yi: faifayen katako ko na ƙarfe a tsaye, bulo mai huji, ko itatuwa a ƙasan gangaren.

Gabas kuma ita ce hanyar hadari, shi ya sa magina na da suke ƙara wa bangon gabas kariya. Iska a kan tudu ta fi ta kwari ƙarfi, tana tura ruwa ta ƙarƙashin taga. Tagogin wannan ɓangare su zama masu roba a baki da ke rufuwa gam. Wannan robar ce kuma za ta rage ƙurar hunturu da ke zuwa daga arewa maso gabas tun daga Nuwamba har Fabrairu. Saboda ƙurar nan nake ba da shawarar a rage kantoci a buɗe da silin mai lunguna da yawa, a kuma zaɓi labulen da za a iya cirewa a wanke a gida. Duk gilashin da ya sauko ƙasa da ƙugun mutum ya zama mai ƙarfi na musamman, wanda idan ya fashe ba ya zama wuƙaƙe.

Sai maganar sutura, wadda a gangare katanga ba ta iya mata. Na sama yana kallon tsakar gidanku, na ƙasa kuma da dare, da zarar kun kunna fitila, yana ganin cikin falonku sarai. Gilashi mai duhu yana ɓoye ku da rana ne kawai. Don haka a yi labule biyu, shara-shara na rana da mai kauri na dare. A ɓangaren tudu a ɗaga tagogi sama da tsayin mutum, su kawo haske ba tare da ido ba. Farfajiyar mata kuwa a yi mata rumfar sanduna a jere kusa da kusa, a bar wani tsiro mai yaɗo ya hau. Idan za a sa ƙarafan tsaro, a kowane ɗakin kwana ɗaya ya zama mai buɗewa daga ciki, makullinsa a rataye kusa inda kowa ya sani.

Mataki na 6: Kicin, gas da banɗaki

Tsayin kantar kicin santimita 90, zurfinta 60, tsakanin kanta da kanta mita 1.2 don mutum biyu su gifta. Wannan ko'ina haka yake. Abin da ya keɓanta da gidan gangare shi ne gas. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaya ƙasa yake bi yana gangarawa, kuma ramin matakala zai kai shi hawan ƙasa ya taru. Tukunyar gas ta zauna a waje cikin keji mai shan iska, nesa da tagogi da kafofin hawan ƙasa, kada a taɓa ajiye ta a can ciki ko da ta ajiya ce. Janareta ma haka: hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar wari mai kashe mutum a cikin barci, don haka a nisanta shi da kowace taga. A Jos, inda sanyin dare a Disamba da Janairu kan sauka kusan digiri 10, kada jin sanyi ya sa a shigar da kaskon gawayi rufaffen ɗaki, gubar iri ɗaya ce.

Banɗakuna a jera su ɗaya a kan ɗaya, bututu ya sauka a miƙe. A tabbatar ramin sokawe yana ƙasa da banɗaki mafi ƙasa a gidan, in ba haka ba sai da injin turawa, wanda ke tsayawa duk sa'ad da aka ɗauke wuta. Masai kada ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya, kuma tun a takarda ake gyara wannan. A yi wurin alwala mai ɗan dakalin zama da famfo a ƙasa-ƙasa, kusa da falon baƙi.

Tanki kuwa a kai shi can saman filin. Kowace mita 10 ta tsayi tana ba ruwa ƙarfin turi na "bar" 1, wato ma'aunin matsin ruwa, wanda ya isa wanka mai daɗi ba tare da injin ba. Ku lura dai cewa banɗakin sama, da yake kusa da tankin, shi zai fi ƙarancin ƙarfi.

Mataki na 7: Daɓe, katako, launi da ado

Yanzu aka zo inda kowa ke ɗoki. Daɓe iri ɗaya ya ratsa falo da hanyoyi a dukkan hawan, domin gidan da aka riga aka yanka shi hawa-hawa, idan aka ƙara masa launukan tayil biyar sai ya zama kamar an haɗa gidaje uku. Tayil marar sheƙi mai launin yashi ko toka yana ɓoye ƙura. Fari tas da baƙi wuluk duka suna tona ta. A hawan ƙasa, inda haske ta gefe ɗaya yake shigowa, bango da silin su zama masu haske, a kuma bar filasta ta bushe aƙalla mako 4 kafin fenti.

Katako a saye busasshe, ko a Dei-Dei da Kugbo a Abuja ko a kasuwar Katako a Jos. Ɗanyen katakon da aka yi ƙofa da shi da damina, hunturu na zuwa zai tsuke ya tsage. Iroko da maɗaci suna da ƙarko. Duk katakon da zai kusanci daɓen ƙasa a shafa masa maganin gara.

Falon iyali a bar tsakiyarsa a buɗe. Mu mutane ne masu zama a ƙasa: a nan ake cin tuwo, a nan yara ke karatun allo, a nan ake jam'i idan ruwa ya hana zuwa masallaci. Kujeru su bi bango, babban kafet a tsakiya, da tumtum biyu ko uku. Kafet da labule kuma su ne ke kashe amsa-kuwwar da dogon silin da gilashi da tayil ke haifarwa.

Wajen ado ina da ra'ayi mai ƙarfi: hangen da ke bayan taga shi ne babban adon gidan, kada a yi gasa da shi. Bango ɗaya ya isa a ƙawata. Wanda ya taɓa shiga Gidan Makama a Kano, ko ya ga aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a Masallacin Juma'a na Zariya tun ƙarni na 19, ko ya zaga gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, ya san yadda zanen da aka tayar a jikin bango ke kama haske ya yi inuwa ba tare da launi mai yawa ba. Irin wannan zane, ko dagi guda ɗaya, a dogon bangon matakala inda hasken tagar sama ke sauka, ya fi duk wani allon roba mai ƙyalli. A ƙara da abin da hannun mutanenmu ya yi: baƙin rini na marinar Ƙofar Mata a rigar matashin kai, luru a kan gado, fatar Naraguta, faifai a jere, tulu daga Ushafa ko Bwari a yankin Abuja, yankin da ya ba duniya maginiyar tukwane Ladi Kwali wadda hotonta ke kan naira 20. Idan a lokacin tono an tarar da wani kan dutse mai kyau a gefen farfajiya, a bar shi a inda yake.

Mataki na 8: Wuta

Fitilun matakala da na hanyoyi su hau layin inbata ko sola, su ne na farko kafin talabijin. A sa makunni sama da ƙasa, mai kunnawa daga nan a kashe daga can, da ƙananan fitilu a jikin bango daidai ƙwauri. Ɗakunan kwana da falo su samu ƙwai mai ɗumin haske, wanda aka rubuta 2700K ko 3000K a kwalinsa, kicin kuma 4000K. A hawan ƙasa a ɗaga soket daga daɓe kamar rabin mita, a kuma kauce wa bangon jan layi. Kowane hawa ya samu nasa akwatin rarraba wuta.

Mataki na 9: Jerin aiki da kuɗi

Bangon tare ƙasa da ginshiƙai su ne ke riƙe da tudun. Ba a fasa su, ba a sassaƙa su don binne bututu, ba a buɗe musu ƙofa, sai da izinin injiniya mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya, a rubuce. Mai ado komai gwanintarsa ba hurumin sa ba ne.

Aikin ya bi wannan jeri: hana ruwa, bututu da wayarin, tagogi, filasta da silin, daɓe da matakala, fenti, aikin kafinta, sa'annan labule da kujeru. Idan kuɗi ya yi kaɗan, a rage daga ƙarshen jerin, a bar farkonsa yadda yake. Manyan kaya kuma a auna su da ƙofa da kwanar matakala kafin a biya, domin akwai kujerar da ba za ta taɓa juyawa a wurin hutawa ba. A hawan ƙasa ku fara zama da kayan da ake iya ɗagawa, ku jinkirta kafaffen wadirob da kantoci har ruwan Agusta da Satumba ya wuce, ku sake gwajin leda a bangon, sa'annan ku kira kafinta.